Kunne Ya Girmi Kaka

Mu huɗu ne muke zama a zauren Hedimasta bayan sallar lisha, kuma ƙaramin cikinmu ya ba shekara 70 baya. Akwai shi mai zauren da ƙanensa, akwai Akawu wanda ya ƙare aiki a baitulmalin ƙaramar hukuma, sai kuma Saje, tsohon soja. Da can hirarmu ba ta wuce ta fansho da tsadar taki da wane ya kwanta wane ya riga mu. Abin da ya sauya mana hira kuwa ba abin daɗi ba ne, idon Hedimasta ne ya tafi.

Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma abin da ya riga ya tafi ba ya dawowa, sai dai a yi ta ɗiga magani don a tsare ɗan abin da ya rage. To mai karatu ya dubi mutumin da ya shekara 35 yana koyar da Ingilishi da adabi, wanda ba ya barci sai da littafi a ƙirji, a wayi gari ko kanun jarida ba ya iya gani. Bai yi ƙorafi ba. Abin da ya yi ya fi ƙorafi tayar mana da hankali, domin kuwa sai ya fara rabon littattafansa. Duk tsohon ɗalibin da ya zo gaisuwa sai ya fita da biyu ko uku a hammata. Mu dai mun san cewa malami in ya fara rabon littattafansa da ransa, to wasiyya ce yake yi.

Jikarsa ce, wadda ke jami'a, ta zo hutu ta tarar da kabad ya yi rabi. Ba ta ce komai ba, sai ta karɓi wayarsa ta yi 'yan danne-danne, ta haɗa ta da wata 'yar sifika da ba ta fi sabulun wanka girma ba, ta ce, “Angona, ga mai karanta maka na samo, tunda ka ƙi ka biya ni in riƙa yi.” Hedimasta ya murtuke fuska ya ce, “Ke amarya, raina ni kika yi? Da furfurata za a zaunar da ni a yi mini gatanan gatananku?” A wurinsa karatu na ido ne, wanda aka karanta wa kuwa labari kawai ya ji. Mun san da yawa daga cikin 'yan ƙungiyarmu ta marubuta ra'ayinsu ke nan har gobe, mu ma a lokacin ba mu yi nisa da shi ba.

Yarinyar nan ta fi mu shiri. Ta ce ai littafin saurare tun asali ba don malalata aka yi shi ba. A Ingila dai, an fara raba shi a kan faifan garmaho a shekarar 1935, kuma waɗanda aka fara yi dominsu a can su ne sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan aikin har da wani hafsa, Ian Fraser, wanda harsashi ya ɗauke wa gani a fagen daga na Som a ƙasar Faransa a 1916. Saje da ke gefe yana jan carbi ya ɗago kai ya ce, “Ashe kayan sojoji ne. To kunna mu ji.” Da haka aka fara, ba da yardar mai zaure ba.

Littafin da ta zaɓa mana shi ne All the Light We Cannot See na Anthony Doerr, wani Ba'amurke, wanda ya fito a 2014. Sai daga baya muka gane wayon da ta yi. Labarin wata yarinya ce makauniya Bafaransa da yaƙin Hitila ya kora daga Faris zuwa garin San Malo na bakin teku, da wani yaro maraya Bajamushe mai basirar gyaran rediyo wanda aka sa a soja don ya riƙa farauto masu watsa saƙo a ɓoye. A watan Agusta na 1944, ana ruwan bama-bamai a kan garin, yarinyar tana ɓoye a saman bene tana shafa littafin makafi da yatsa tana karantawa a na'urar watsa magana, shi kuma yaron yana binne a ƙarƙashin ginin da ya rushe yana jin muryarta. Littafin ya kai kusan awa 16, mu kuwa minti 40 muke ji kowane dare, saboda haka ya ɗauke mu fiye da mako uku. A dare na huɗu Hedimasta da kansa ya tambaya ko an yi cajin sifika.

Wani abu kuma ya faru da ba mu tsara ba. Turancin Saje na bariki ne, na Akawu kuma na fayil, don haka sai a riƙa tsayar da karatu Hedimasta ya fassara. Nan take mutumin ya koma aji. Ya gyara zama, ya ɗaga yatsa, ya ce a maimaita wannan jimlar, ya tambaye mu me ya sa marubucin ya ce kaza bai ce kaza ba, har da tsawa in Akawu ya yi gyangyaɗi. Tun daga makon nan ba mu ƙara ganin littafi ya fita daga kabad ba.

Mu da muka tashi da rediyo bai kamata a ce wannan abu ya zame mana baƙo ba. Mun ji an karanta littattafan Hausa a shirin Shafa Labari Shuni na rediyon Kaduna, kafin nan kuma iyayenmu sun ga zamanin da mutum ɗaya zai sayi Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ya karanta wa mutum goma labarin yaƙi a gindin bishiya. Amma sai yanzu da tsufa muka lura da bambancin ido da kunne. Ido ɓarawo ne. In ya hango wurin da ba ya so sai ya yi tsalle ya dira a sakin layi na gaba, mai shi ma bai sani ba. Kunne ba shi da wannan dabara. Abin da mai karatu ya faɗa sai ya shiga, da saurin da ya ga dama, kuma in kuna da yawa a wurin babu mai iya miƙa hannu ya tsallake ba tare da sauran sun san abin da yake gudu ba. A labarin soyayya wannan ba komai ba ne. A labarin yaƙi kuwa magana ce babba.

Saje ya zama alƙalinmu. Ya shiga soja a 1968 yana ɗan shekara 18, aka yi masa horon 'yan makonni aka tura shi gabas, kuma a shekaru 40 da muka yi tare bai taɓa ba mu labarin da ya wuce na sauro da ruwan sama ba. Game da Doerr cewa ya yi, “Yaron ya iya zance, amma yaƙinsa ya cika tsabta.” Da muka shiga All Quiet on the Western Front na Erich Maria Remarque, wanda ya fito a 1929 'yan Nazi kuma suka ƙona shi a 1933, sai muka ga Saje ya ajiye carbi. Wurin da ya kama shi ba wurin harbe-harbe ba ne. Wurin da wani soja ke kwance a asibiti an yanke masa ƙafa yana jiran mutuwa ne, abokinsa kuma na tsaye a kansa hankalinsa na kan takalmansa masu kyau, wa zai gada. Saje ya ce, “Wannan ya je. Duk wanda ya san maganar takalmi da maganar tuwo, ya je.” Gaskiyarsa kuwa, an ɗauki Remarque soja kuma an ji masa rauni a 1917.

Daga nan ne muka yi gangancin da ya kusa watsa majalisar. Akawu ya ce mun gaji da yaƙin Turawa, a kawo na gida. Aka kawo Half of a Yellow Sun na Chimamanda Ngozi Adichie, na 2006. Farkonsa ya yi mana daɗi, har muna dariyar yadda mai karatun ke murɗe 'yan kalmomin Hausar da ke ciki. Sannan labari ya iso Kano, ƙarshen Satumba da farkon Oktoba na 1966. Ga Olanna ta je Sabon Gari ta tarar da gawar kawunta da ta matarsa, ga tsohon saurayinta Bahaushe ya yafa mata gyale ya fitar da ita, ga jirgin ƙasa cike da masu gudu, ga matar da ke rungume da ƙwarya da abin da ke cikin ƙwaryar. An ɗauke wuta a daren, muna zaune cikin duhu, babu mai ganin fuskar wani. Da littafin takarda ne da mun rufe mun ce sai gobe. Muryar nan kuwa ta ci gaba abinta, ba ta san a wane gari take magana ba.

Da aka tsayar, an daɗe ba wanda ya yi tari. Can sai Hedimasta ya ce, “Kun tuna keken ɗinkin nan?” Biyu daga cikinmu a gidan nan aka haife mu, kuma mun tuna. A makon nan na 1966 wani ɗan uwanmu ya shigo da keken ɗinki a ka, yana murna. Baba bai tambaye shi inda ya samo ba, don ba sai an tambaya ba. Ya ce a ajiye shi a zaure, a wancan lungun da Akawu ke jingina yanzu, ya rufe shi da tabarma, ya ce mai shi zai dawo. Ya hana a taɓa, ya hana a sayar, ya hana a shiga da shi cikin gida. Yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, mutane da yawa suka dawo Sabon Gari, Baba ya yi cigiya har ya gaji. Keken nan yana nan har tsatsa ta cinye shi. Fiye da shekara 50 ba mu taɓa yin maganarsa ba, ko tsakaninmu.

Akawu ya fusata. Ya ce yarinyar da aka haifa a 1977 me ta sani, ɓangarensu kawai ta faɗa, ina zafin da mutanen Arewa suka ji a watan Janairu da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa? Muka ce ai ta ambata, kuma kakanninta maza biyu duk a yaƙin suka mutu, tana da hakkin ta yi kukan gidansu. Ya ce ambato daban, kuka daban. A nan ba mu ce ya yi ƙarya ba. Hedimasta ne ya rufe bakin kowa da ya ce, “To Akawu, wa ya riƙe mana hannu?” Saje dai bai ce uffan ba, ya ɗauki takalmansa ya fita, kwana uku ba mu gan shi ba.

Tambayar Hedimasta da mu marubutan Hausa take. Mun fara da ƙafar dama, domin Ganɗoki na Bello Kagara, wanda aka buga a 1934, labarin yaƙi ne da Turawa tun daga Kwantagora har zuwa Burmi a 1903, kuma an gina shi ne a kan tsoho yana ba yara labari da baki, wato littafin saurare ne tun kafin a ƙera na'urar. Bayan shi fa? Dubban 'yan Arewa sun je yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, Hausa ce ma harshen bariki. Sunayen wuraren da suka zubar da jini suna nan a kan allunan barikoki, Dalet a Kaduna, Arakan a Legas, muna wucewa kullum ba mu tambaya. Baba yana cikinsu. Abin da muka gada daga Bamarsa shi ne lambobi biyu a cikin gwangwani da ihun da yakan yi cikin barci. Wanda ya zauna ya mai da labarin waɗannan mutane littafi shi ne Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda mahaifinsa ma ya je Bama, a cikin Burma Boy na 2007, labarin wani yaro ɗan koyon ƙira mai suna Ali Banana da ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja. Da Ingilishi ya rubuta, ya kuma rasu a 2022. Yau in ka buɗe YouTube za ka tarar da ɗaruruwan littattafan Hausa ana karantawa, kuma ba mu raina su ba, matanmu da su suke girki. Amma mun neme na yaƙin Bama ko na basasa a ciki har jikar Hedimasta ta gaji, ba mu dace ba.

A dare na huɗu Saje ya dawo, ya zauna a wurinsa kamar ba abin da ya faru, ya ce a ci gaba. Muka ci gaba har muka kai inda aka kama yaron gida Ugwu aka sa shi sojan Biyafara da ƙarfi, da abin da shi da abokansa suka yi wa wata yarinya mai sayar da giya. Marubuciyar ba ta rufa wa nata asiri ba, Akawu ma ya yarda da wannan. Nan Saje ya ɗaga hannu ya ce, “Hedimasta, a kashe.” Aka kashe. Ya fara magana, a hankali, yana kallon ƙasa, ya ambaci sunan wani ƙauye da wata rana da wani yaro da bai fi shi shekaru ba. Ɗayanmu, da halin marubuci, ya lallaɓa hannu zai danna wurin ɗaukar murya. Saje bai ko ɗago ba ya ce, “Malam, in ka danna na yi shiru.” Aka janye hannu.

Ya yi magana har ƙarfe ɗaya na dare. Abin da ya faɗa ba za mu rubuta a nan ba, don bai ba mu izini ba, mun kuma sake roƙo sau biyu ya ce a bari tukuna. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana laluben takalmi, ya tambayi awa nawa suka rage a littafin. Muka ce kamar uku. Ya ce to kada a kunna gobe sai ya zo, yana da zuwa asibiti da yamma, wataƙila ya ɗan makara.