Wasiƙa Zuwa Ga Gwaggo a Mai Wurno

Gwaggo,

Yaya jikin? Allah Ya ƙara sauƙi.

An gaya mini sadafiyyar ta sake tasowa a gwiwar hannu da fatar kai, har kin daina sa hannu a kwano ɗaya da jikoki. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Gwaggo, ba a ɗaukar ciwon nan. Garkuwar jiki ce ke ingiza fata ta riƙa sabuntuwa cikin 'yan kwanaki maimakon wata guda, sai ta taru tana ɓarewa fari-fari. Ki koma ki ci abinci da yaranki.

Sai batun 'ya'yan khilla da aka ce ki jiƙa, ki shafa, ki zauna a rana. Don Allah kada ki yi. Wanda ya ba ki shawarar bai yi ƙarya ba, lalle akwai magani a tsiron. A 1947 masana a Alƙahira suka ciro sinadarin soralen daga cikinsa, likita El Mofty ya yi wa masu bahag (ciwon da ke gusar da launin fata) magani da shi, a 1974 kuma likitocin Boston a Amurka suka haɗa shi da hasken fitila na musamman don sadafiyya, ya yi aiki. Amma a asibiti auna ƙwayar ake yi, a ƙidaya mintocin hasken, a kare idanu da tabarau. Ranar Sinnar wa zai auna ta? Tana iya ƙona ki har fata ta yi bororo, kuma mai sadafiyya duk inda ya ji rauni, nan sabon tabo kan fito.

Lubanin duwatsun Ingasana ma ana binciken amfaninsa ga kumburi, sai dai bai kai matsayin da likita zai rubuta miki shi ba.

Ga abin da nake roƙo. In kin yi wanka, ki shafa man riɗi tun jiki da danshi. Kada ki kankare ɓawon da farce ko dutse. Man haɗin nan da ake sayarwa cokali-cokali a kasuwa ki guje shi, sau da yawa kotizon mai ƙarfi ne a ciki. Ya kwantar da ciwon yau, ki daina ya dawo fiye da da.

Na san tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 magani ya yi wuya. Duk da haka a kai ki asibiti a Sinnar likita ya duba, musamman in gaɓoɓi sun fara ciwo. Kuɗin mota da na magani suna kaina.

Ki gaida Kawu da yara.

Ɗanki