Soron Mahaifi da Bashin da Ruwa Ya Bari

A ƙarshen watan Agustan 2024, lokacin da damina ta yi nauyi a Jigawa, wani ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Dutse ya sami hoto a waya daga ƙanwarsa da ke garinsu a ƙasar Roni. Hoton rufin soron mahaifinsu ne ta ciki, da wani tabo mai duhu a kusurwar gabas, faɗinsa bai wuce faifai ba. Ya duba, ya ce aikin buhun siminti ɗaya ne, idan ruwa ya ɗauke zai zo. Shekara shida ke nan da rasuwar tsohon, kuma tun daga lokacin babu wanda ya hau saman soron, ga shi a cikinsa samarin gidan suke kwana.

Da kaka ta yi ya je, ya ɗauko wani dattijon magini wanda ya yi aikin soron tare da marigayin tun suna matasa. Dattijon ya zagaya yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, yana sauraren amon. Sai ya ce, "Ɗana, ai ba nan ruwan ya shiga ba. Nan ya fito."

Da aka hau sama aka ga indararo ya toshe da ganye da sheƙar tsuntsu. Ruwa ya riƙa kwanciya a kan rufin, yana bin 'yar tsaga a gindin rawani, yana sauka cikin bango a hankali. Kawunan azarar da ke binne cikin ƙasa sun jiƙa damina bayan damina har suka yi laushi. Azarar giginya itace ne mai taurin da gara ba ta cika iya masa ba, amma danshin da ya daɗe yana karya wannan taurin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan ruwa ne ya buɗe wa gara ƙofa.

Abin da ya fi yi wa ma'aikacin ciwo shi ne filasta. Shi da kansa ya biya aka shafe bangon da siminti shekaru goma da suka wuce, daga albashinsa, don ya kyautata wa mahaifinsa. Dattijon ya sa cebur ya ɓamɓaro wani sashe, sai ga ƙasar da ke baya ta zama gari. Siminti ba ya kama jikin ƙasa yadda yaɓe yake kamawa. Zafi da sanyi suna raba su, ruwa ya shiga tsakani, sannan simintin ya hana danshin fita. Daga waje bango yana sheƙi, ciki kuwa yana ruɓewa.

Daga nan lissafi ya fara tsawo. Dole a sauke rufin gaba ɗaya kafin a san azara nawa ta tsira. Giginya ta yi ƙaranci, sai an sayo daga nesa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin dako ya zama wani babban kaso na kowane aiki. Ƙasar gini sai an haƙo, an kawo a amalanke, an cuɗa da ciyawa, an bar ta kwanaki tana tsuma, sannan a yi tubali a jira rana ta busar da shi. Ruwan kwaɓi da rani sai an saya. Makubar da ake shafawa don ruwa ya zame daga ɓawon ɗorawa ake samunta. Laso kuma, wanda ya fi ta ƙarko, yana buƙatar katsi daga marina da gashin akuya daga majema da kuma dafara, ga marinu sun yi ƙaranci. Masu hannun aikin su ma tsofaffi ne, 'ya'yansu sun koma bulo.

Wannan yaudarar ta tabon ruwa ba ginin ƙasa kaɗai ta shafa ba. A Amurka akwai masu sha'awar sayen tsofaffin ɗakunan tafi-da-gidanka da mota ke ja, irin su Airstream, waɗanda aka fara ƙerawa tun shekarun 1930. Jikinsu na alminiyam ne, yana ƙyalli ko bayan shekara hamsin. Amma ruwa yana bin gefen taga da mahaɗin rufi, ya gangara ta cikin bango, ya ruɓar da katakon daɓe, ya ci ƙarfen da ke ƙarƙashi da tsatsa. Mai gyara na gaskiya yakan ɗage gangar jikin dungurungum kafin ya kai ga ɓarnar, kuma sau da yawa kuɗin gyaran yana zarce kuɗin saye. Can da nan, abin da ido ya gani shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za a biya.

Bambancin shi ne, shi soro ba a taɓa gina shi don a bar shi ba. A da, kafin ruwan farko, maigida kan tara 'ya'yansa da ƙannensa, a share rufi, a buɗe indararo, a cike tsaga, a sabunta yaɓe. Aikin kwana biyu ne, ladansa tuwo da fura. Arhar ginin ƙasa ta dogara ne da waɗannan hannuwa. Da 'ya'ya suka yi karatu suka watsu Dutse da Kano da Abuja, aikin bai gushe ba, taruwa ya riƙa yi, har ranar da za a biya na shekara shida a lokaci guda, da kuɗi maimakon gumi.

'Yan'uwansa suka ce a rushe, a sa bulo da kwano, a huta. Maganarsu tana da hujja, domin kusan kowace damina ana jin labarin ɗakin ƙasa ya rufta da mutane a wani ƙauye, kuma babu tarihin da ya kai ran yaro daraja. Sai dai duk wanda ya taɓa yin la'asar ɗin Afrilu a ƙarƙashin kwano ya san abin da kaurin bangon ƙasa yake tarewa. Mahaifiyarsu kuma magana ɗaya ta yi: a wannan soron aka raɗa wa kowannensu suna.

Ya koma wajen dattijon ya ce, "Baba, tsakani da Allah, zai gyaru?"

"Zai gyaru. Amma idan ba wanda zai hau shi kowace shekara, ka bar kuɗinka, ka sa bulo. Ba na son a ce aikina ne ya faɗa wa jikokin abokina."

Suka raba gardamar. Ɗaki biyu na cikin gida aka rushe aka mayar bulo, soron kuma aka sauke rufinsa, aka kankare simintin, aka canja azarar da ta ruɓe. Aikin ya ci rani guda, ya ci kuɗin da ya tanada don canja mota. A farkon Mayun 2025, kafin hadari ya fara haɗuwa, ya ɗauki hutun kwana biyu ya tafi gida. Ya naɗe ƙafar wando, ya hau tsani da tsintsiya a hannu, babban ɗansa yana biye da shi da bokitin kwaɓaɓɓiyar ƙasa.