Mun Je Tasawa Ganin Gidan Kwantena



Tun bayan daminar 2024, wadda ruwanta ya kada gidajen ƙasa masu yawa cikin jihar Maraɗi, har tsohon masallacin Damagaram ya rushe, duk ranar zubi sai maganar gini ta taso a ƙungiyarmu ta Mayahi. Cikinmu akwai waɗanda suka ƙare daminar a ɗakin maƙwabta. Ana haka sai wata ta kawo labarin wata ƴar Mata Masu Dubara a Tasawa, mijinta ya rasu, tana zaune da ɗiyanta biyar cikin kwantena. Wasu suka ce wannan dubara ce, wasu suka ce ai tanda ce. Gani ya kori ji. Aka fidda kuɗin mota daga kuɗin tara, aka tura mu uku. Da gangan muka zaɓi watan Afrilu, don mu ga ɗakin lokacin da rana ta fi zafi.

Da sassafe muka baro Mayahi. Muka bar goribar Gulbin Kaba a baya, muka ratsa gonaki, ƙasa fara fat, gawo kaɗai ke da ɗanyen ganye. Kowane ƙauye muka wuce sai mu riƙa ƙirga rufi: ga na kara, ga soro, ga kwano yana walƙiya. Kafin rana ta take muka shiga Tasawa. Bakin babbar hanyar da ta fito daga Maraɗi ta nufi Damagaram muka fara ganin kwantenoni, amma duk shaguna ne da wurin ajiyar kaya, kamar yadda muka saba gani.

Ga wadda ba ta san asalinsa ba, kwantena akwatin ƙarfe ne na jirgin ruwa. A Amurka aka fara jigila da shi, a 1956. Mu da ba mu da teku, bisa manyan motoci yake iso mana daga tashar ruwa irin ta Lome. Ƙaramin yana da tsawon mita 6, faɗi kusan mita 2 da rabi. Babban ya kai mita 12. Ƙaramin ma, ko babu komi ciki, ya fi tan 2 nauyi.

Gidan yana bayan gari, an kewaye shi da dangar kara. Muka yi sallama, Hajiya ta fito ta tarbe mu da ruwan randa da fura. Kwantena biyu ne ƙanana suna duban juna, tsakaninsu rumfa. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne daga waje da wuya ki ga ƙarfe. Gefen yamma ta gina katangar tubali, ta bar tazarar kamar taki guda tsakaninta da jikin kwantena. Daga sama kuma akwai wani rufi na biyu, na itace da zana, an ɗaga shi yadda iska ke ratsawa ta ƙarƙashi. Ga bedi biyu da ta dasa, sun fara ba da inuwa.

Ma'ajinmu ta ce, “Yaya, duk wannan ɗawainiya ta mece ce?”

Hajiya ta yi dariya. “Ke dai bari, ƙanwata. Bazarar farko da shi tsirara muka shiga. Wallahi da azahar ko taɓa bango ba ka iyawa. Tsakar gida muke wuni, nan muke kwana. Sai da na yi mishi riga sannan ya zama ɗaki.”

Muka shiga ɗakinta da rana tsaka. Akwai zafi, ba za mu ɓoye muku ba, ya ɗara na soro, amma ana iya zama. Mai walda ya yanke taga biyu suna kallon juna, ya zagaye kowace da ƙarfe don bangon kada ya lanƙwashe. Ciki ta lulluɓe bango da sama da tabarmin kaba, irin wanda muke saƙawa da hannunmu a Mayahi, fari da ja da kore. Ta ce kaba ke tare hucin ƙarfen. Da yake ba a kafa ƙusa a bangon, sai aka liƙa mata ƙarafa, aka aza katako, ta yi jerenta bisa: kwalla da samira da tasoshi, faifai masu launi a tsakani. Gado na can ƙurya, labule ya raba shi da wurin zama. Ɗakin matsattse ne, in aka sa gado sai ɗan wurin ratsawa ya rage. Na biyun na yara ne, rabinsa kuma buhunnan hatsi da wake, ɓera da gara ba su samun hanya.

Bayan la'asar ta ba mu labarin da ya fi tsaya mana a rai. Kwantenonin shagon maigidanta ne da wurin ajiyarsa. Da aka raba gado suka faɗo cikin rabonta da na ɗiyanta. Zaman gidan dangin miji ya yi wuya, kun dai san yadda abin yake. Da abin da ta samu ranar fasa asusu, da rancen ƙungiya, da tumakinta biyu, ta sayi ɗan fili, ta karɓi takardarsa da sunanta a ma'aikatar magajin gari. Aka ɗauko mata ɗakunanta a mota aka sauke. Ta ce, “Ɗakin da na yi shekara ashirin ina yi wa yaɓe, can na baro shi. Wannan kuwa ya biyo ni.” Muka yi shiru. Kowacenmu ta san wata da ta zuba kuɗin sana'arta a ginin da ba nata ba.

Ga abin da muka rubuto don wadda ke da niyya. A ɗora kwantena bisa dutse ko siminti a kusurwoyinsa huɗu, don nan ƙarfinsa yake, kuma in ya zauna cikin laima tsatsa za ta ci shi. A duba samansa kafin a biya kuɗi, nan ruwa ke kwanciya ya huda. A tambayi abin da ya taɓa ɗaukowa. Katakon daɓensa galibi an jiƙa shi da maganin ƙwari, saboda haka a rufe shi da siminti tunda yara na rarrafe. A shafa farin fenti a waje. In za a ja wutar lantarki, a nemo wanda ya san aikin, gidan duka ƙarfe ne. Da sanyi kuma kada a kuskura a shiga da garwashi a rufe ƙofa, hayaƙin gawayi na kashe mutum cikin barci.

A hanyar komawa muka yi lissafi. Kuɗin kwantena guda, da motar ɗauko shi, da mai ɗagawa, da mai walda, sun fi ƙarfin abin da kowacenmu ke samu ranar rabo. Ita Hajiya gadonsu ta yi. Ba mu ba kowa shawarar cin bashi don sayen sabo ba. Amma abubuwa biyu da muka gani a gidanta suna cikin ikonmu. Na farko, kare ginin da muke da shi kafin ruwa ya sauka: a ɗaga gindin bango, a sabunta yaɓe, a gyara indararo. Na biyu, takardar fili da sunan mace. Tun 1991 da aka fara wannan tafiya ta asusu a nan jihar Maraɗi muke sayen awaki da kayan ɗakin ɗiya. Fili ma ana iya tara mishi kuɗi sannu sannu.

Ƙungiyarmu ta sa maganar cikin zaman mako mai zuwa. Muna roƙon kowace shugaba ta karanta wa matanta wannan, ku aiko mana da abin da kuka yanke. Hajiya ta Tasawa, mun gode da fura da karamci. Allah ya raya marayu, ya sa mu ga damina lafiya.