Littafin Alis da Ƙanensa

Littafi ma yakan yi ƙane, ƙane kuwa kullum da wansa ake auna shi. A 1865 wani malamin lissafi na Ingila, wanda aka sani da Lewis Carroll, ya buga labarin yarinya Alis, wadda ta bi zomo cikin rami. A 1871 ya fito da na biyu, inda ta ratsa madubi. Mun karanta wa almajiranmu duka biyun, ga abin da muka gani.

Lalle ƙanen ya fi tsari. Ƙasar bayan madubi an yanka ta gida-gida kamar darar Turawa, aka ce wa Alis in ta kai gida na takwas ta zama sarauniya. Yara sun yi dariya ƙwarai inda ta yi ta gudu da Jar Sarauniya, da suka tsaya sai ga su gindin itacen da suka baro, da kuma barden nan mai kirki da ke ta faɗowa daga doki.

Amma tsarin nan shi ya rage masa armashi, gama tun farko mun san masauki. Yaron da bai iya darar ba kuwa, rabin daɗin ya wuce shi. Daɗa ƙarshen duk mafarki ne, kamar na farko, alhali mamaki ba ya kama mutum sau biyu a wuri guda.

To, 'yan makaranta, ku fara da wan tukuna, kana ƙanen. Wanda Allah ya nufa da rubuta littafi na biyu, sai ya tanadar wa masu karatu abin da ba su zata ba.