Taswirar Mota ko ta Waya?

Mu da muke zirga-zirga tsakanin gida da jami'a mun sha yin gardama kan wacce ta fi: taswirar da aka haɗa cikin mota, ko ta wayar hannu. Ƙannenmu, ga abin da muka fahimta.

Dukkansu da taurarin ɗan'adam na GPS suke aiki, waɗanda ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa. Na'ura tana buƙatar saƙo daga aƙalla huɗu kafin ta gane inda take, kuma wannan ba ya cin data.

Bambancin yana cikin taswirar. Motocin Kwatano da suka cika titunanmu an ƙera su ne don Amurka, Turai ko Japan, sai su iso da taswirar can. Allon yana haske, amma bai san Zariya ba. Ita kuwa Google Maps ana sabunta ta a kai a kai, tana nuna cunkoso, kuma ana iya sauke taswirar gari don inda babu sabis. Illarta cin caji da ɗauke hankalin direba.

Shi ya sa muka zaɓi waya, amma a hannun wanda ke gefen direba. Sai dai waya hanya mafi sauri take nema. Ba ta san wacce aka daina bi bayan magariba ba saboda rashin tsaro. Kafin ku hau baƙuwar hanya, ku tambayi direbobin tasha. Matambayi ba ya ɓata.