Mabuɗin Da Ya Ƙi Buɗe Dukiyar Marayu

A unguwar Agege ta Ikko akwai wani dattijo, tsohon akawun gidan waya, wanda Allah Ya ɗora wa riƙon 'ya'yan ƙanensa su uku, bayan da ƙanen ya riga mu gidan gaskiya a shekarar 2023. Marigayin mai gyaran kwamfuta ne a kasuwar Ikeja. Bai bar gida ba, bai bar gona ba, sai wani akwatin ƙarfe da babu wanda ya kula da shi, har sai da kuɗin makarantar yaran ya gagara a farkon 2025. Sa'an nan ne dattijon ya buɗe shi, ko a dace da abin sayarwa.

A ƙarƙashin takardun shaidar karatu ya tarar da wata 'yar takarda a ninke, danshin Ikko ya ci gefenta. A ɓari guda akwai jerin haruffa da lambobi 34 da suka fara da 1, a ɗaya ɓarin kuwa jerin 52 ne da suka fara da L. Kowane jeri yana da tambari mai ɗige-ɗige, irin wanda waya ke karantawa, amma ninki ya bi ta tsakiyar tambarin dogon jerin ya lalata shi. A bayan takardar marigayin ya rubuta da hannunsa: "Na yara ne. Disamba 2014."

Dattijo ya aika aka kira ɗan ƙanwarsa, ɗalibi a makarantar fasaha. Yaron na ganin takardar ya ce, "Kawu, wannan jakar Bitcoin ce ta takarda."

Ya bayyana masa cewa wannan kuɗi, wanda aka fara a watan Janairu na 2009, ba shi da tsaba, ba shi da banki. Yana rubuce ne a wani babban kundi da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafensa a ko'ina cikin duniya. Saboda haka babu ko anini a jikin takardar. Gajeren jerin shi ne adireshi, kowa na iya ganinsa ba tare da wata illa ba. Dogon kuwa shi ne mabuɗin sirri, kuma duk wanda ya gan shi ya zama mai dukiyar. Yaron ya binciki adireshin a kundin, sai ga kashi ɗaya cikin biyar na Bitcoin guda yana kwance, ba a taɓa shi ba shekara goma. Lokacin da marigayin ya saya, guda ɗaya bai kai dala 400 ba, alhali a watan Disamba na 2024 ya haura dala 100,000. Dattijo ya yi lissafi a zuci, ya ga abin da zai kai yaran nan uku ƙarshen karatunsu, sai hannunsa ya kama rawa.

To, amma ganin dukiya daban, kai hannu gare ta daban. Manhajar farko da suka gwada a waya ba ta ma da gurbin da za a sa irin wannan mabuɗi, kalmomi 12 take nema, domin a kan wannan tsari aka gina yawancin jakunkunan zamani. Ta biyu tana da gurbin, amma da aka shigar da haruffan sai ta ce mabuɗin ba sahihi ba ne. Aka sake, ta ƙi. Aka sake har sau biyar, maganar dai guda ce. Daren nan dattijo bai runtsa ba.

Kashegari wani maƙwabci da ya ji ƙishin-ƙishin ya kawo lambar wayar wani da ya ce ƙwararre ne wajen ceto irin wannan kuɗi. Mutumin kuwa akwai daɗin baki. Ya ce aikin minti goma ne, ba zai karɓi ko kwabo ba sai buƙata ta biya, a dai ɗauki hoton takardar a aika masa. Dattijo har ya shimfiɗa takardar a kan tabarma ya ɗaga waya, sai shekarun da ya yi a gidan waya suka faɗo masa a rai, inda ba a miƙa wasiƙar rajista sai an sa hannu. Ya tambayi kansa: in na aika masa wannan, me ya rage a hannuna? Ya ajiye wayar. Da yaron ya zo da yamma ya ji labari, sai ya dafe kai ya ce, "Wallahi Kawu, da ka aika, da kafin la'asar an kwashe, kuma babu hukumar da ke iya mayar da abin da aka riga aka rubuta a kundin nan."

Daga nan suka bar gaggawa, tun da sauri kan haifi nawa. Yaron ya yi kwana biyu yana karatu a kan al'amarin, ya dawo da bayani. Ya ce ƙin karɓar mabuɗi ba ya rage kome daga dukiyar, kuma ba ya kulle ta. Farkon abin dubawa shi ne irin mabuɗin. Mai farawa da 5 haruffansa 51 ne, mai farawa da K ko L kuwa 52. Akwai kuma mai farawa da 6P, mai haruffa 58, wanda aka rufe da kalmar sirri. Shi kam in mai shi ya tafi kabari da kalmar, sai dai a yi ta lalube. Nasu ya cika 52 daidai, watau babu harafin da ya ɓace, sai dai ko an karanta wani ba daidai ba. A ƙarshen kowane mabuɗi kuwa akwai wani hatimi na lissafi da aka ciro daga sauran haruffan, shi ya sa kuskuren harafi ɗaya tak ke sa a ƙi shi baki ɗaya.

Sa'an nan ya faɗi abin da ya sa dattijo ya gyara zama. Alamomi 58 kawai ake rubuta mabuɗin da su. An cire sifiri, da babban O, da babban I, da ƙaramin l, saboda suna rikitar da ido. Dattijo ya ɗauko tabaran da ya saba karanta adireshin da ruwa ya jiƙa, ya bi jerin da bakin fensir har ya kai kan ninkin. Ya ce, "Ɗana, ashe nan muka yi tuntuɓe. Mun karanta wannan babban O, ga shi ka ce babu shi. In ba D ba ne, to Q ne da wutsiyarsa ta goge." Suka yanke kwamfutar daga intanet don kada mabuɗin ya fita, suka gwada D, ta ƙi. Suka gwada Q, ta karɓa.

Murnar ba ta daɗe ba, gama adireshin da manhajar ta fito da shi da bc1 ya fara, ba na jikin takardar ba ne, kuma da aka bincika shi a kundin ta waya babu kome a ciki. Dattijo ya yi salati. Yaron ya ce ya kwantar da hankalinsa: mabuɗi ɗaya yana haifar da adireshi fiye da ɗaya, kuma irin na bc1 sai a 2017 ya fito, bayan an buga takardar da shekara uku. Ya buɗe manhajar Electrum, ya rubuta p2pkh: a gaban mabuɗin, alamar tsohon tsari ake nufi. Adireshi mai farawa da 1 ya fito. Yaro na karantawa, kawu na bi da fensir, har suka cika 34 babu saɓani.

Ba su ɗebi kaɗan sun bar saura ba, domin a wannan tsari in aka kashe wani ɓangare, canjin na iya komawa wani adireshi dabam da manhajar ta ƙirƙira, mutum ya adana takarda yana zaton da sauran dukiya a kanta. Suka share duka a tashi ɗaya zuwa sabuwar jaka, aka cire ɗan ladan aikawa. Bayan haka yaron ya tuna cewa a watan Agusta na 2017 kundin ya rabu biyu aka sami Bitcoin Cash, kuma tsohon mabuɗi yana buɗe duka biyun. Suka kwashe wannan ma.

Da ƙura ta lafa, yaron ya ba shi labarin James Howells na garin Newport a Birtaniya, wanda faifan kwamfutarsa mai ɗauke da mabuɗin Bitcoin kusan 8,000 ya tafi juji a 2013, kuma a watan Janairu na 2025 kotu ta yi watsi da ƙarar da ya shigar yana neman haƙa jujin. Dattijo ya girgiza kai ya ce, "Shi mabuɗinsa ne ya ɓace. Mu namu yana hannu, haƙurinmu ne ya so ya ɓace."

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: ƙanensa ya yi tanadi, amma ya yi shiru, har gara da danshi suka kusa cin gadon 'ya'yansa. Don haka, bayan malamin unguwa ya yi rabo, ya tara uwar yaran da babbar 'yarta, ya rubuta kalmomi 12 na sabuwar jakar da hannunsa a takarda biyu, ya haɗa da bayani da Hausa a kan abin da suke da wanda bai kamata a nuna wa ba. Tsohuwar takardar kuwa, da ta zama wofi, ya yi niyyar ƙonawa, sai yarinyar ta ce, "Baba, ka bar mini ita, akwai rubutun mahaifina a baya." Ya ninke ta yadda ya same ta, ya miƙa mata.