Binciken Aure da Takardun Ofis

Na zo Manchester ne yin digiri na biyu a fannin kula da ma'aikata, kuma kamar yawancinmu masu bizar karatu, na nemi ɗan aikin da bai wuce awa 20 a mako ba, tunda iyakar abin da doka ta yarje mana ke nan lokacin karatu. Allah Ya taimake ni na samu a ofishin kula da ma'aikata na wani kamfanin rarraba kaya. Aikina shigar da bayanai a kwamfuta: albashi, hutun rashin lafiya, takardun gargaɗi, da sunan wanda za a kira idan wani abu ya sami ma'aikaci. Wato duk abin da mutum ba zai so maƙwabcinsa ya sani ba, ta gabana yake wucewa.

A nan na haɗu da wani bawan Allah, ɗan zangon Kumasi, mai kula da direbobi. Ya ji ina waya da Umma a ɗakin cin abinci, sai ya ce, "Malama, ashe 'yar gida ce?" Gaisuwa ta koma hira. Bayan wata biyar ya ce shi ba da wasa ya zo ba, yana neman izinin turo magabatansa.

Da labari ya isa Kano, Gwaggo ce ta fara kirana. "Ke da Allah Ya sa takardunsa a hannunki, me kike jira? Ki duba mana nawa yake ɗauka, ki ga ko yana da mata, ko wata lalura da yake ɓoyewa." Ba zan yi muku ƙarya ba, maganar ta shige ni. Bincike kafin aure haƙƙin iyaye ne, ga mutumin ba ɗan garinmu ba, ba ma ɗan ƙasarmu ba. Kuma abin da zai ɗauki Kawu makonni, ni minti biyu ya ishe ni.

Abin dariya, a zangon karatun da ya wuce na yi rubutu a kan Steve Easterbrook, shugaban McDonald's da aka kora a 2019 saboda soyayya da wata ma'aikaciya, da Bernard Looney na BP da ya sauka a 2023 don bai bayyana dukkan alaƙarsa ta baya da abokan aiki ba. Na rubuta ina ganin matsalar manyan Turawa ce. Ashe tana jirana a teburina.

Na san dokar kare bayanai ta 2018 ta mai da leƙa bayanan mutum ba da izini ba laifi, na kuma san kwamfutar tana rubuta sunan duk wanda ya buɗe fayil. Amma abin da ya riƙe hannuna daban ne. Kamfani ya ba wa takardun nan, don a biya shi kuma a kula da shi, bai ba budurwarsa ba. Idan na karanta, zan riƙa zama gabansa ina sane da abin da bai san na sani ba, kuma haka za a shiga gidan auren.

Washegari na sami shugabata na gaya mata komai. Ba ta yi mamaki ba. A Ingila babu dokar da ta hana abokan aiki soyayya, amma ƙa'idar kamfaninmu ta ce a bayyana, musamman mu da ke riƙe da sirrin mutane. A ranar aka rufe mini hanyar shiga fayilolin sashensa, kuma duk sa'ad da za a tattauna batun direbobi sai in tashi in fita.

Na ɗauka shi ke nan. Sai wata direba da ta kawo ƙorafi kan yadda yake raba lokutan aiki ta tsaya a bakin ƙofa, ta dube ni, ta ce ita da wani take son magana. Ya yi mini zafi ƙwarai, na yini ban ci abinci ba. Amma da ni ce ita, haka zan yi. Wa zai kai ƙarar mutum wurin wadda zai aura?

Gwaggo ta ce boko ya yi mini yawa. Kawu kuwa bai ce komai ba, ya bi ta hannun wani abokinsa da iyayensa suka yi fataucin goro zuwa Kumasi, aka tambayi limamin unguwarsu, aka tambayi maƙwabta. Sati uku aka yi.

Batun albashi ni na tambaye shi da bakina, a gaban matar yayana. Ya yi shiru, ya dube ni, sannan ya ce, "Au, ashe ba ki duba ba?"